Kwandon Larai

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana. Ni Tabawa ban taɓa zama a aji ba, saboda haka jikata ce ke riƙe da biro, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Yadda na faɗa haka za ta sa. Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa a bayan idona. An ce na je Doha na sayar wa wata Baturiya sirrin gidanmu, shi ya sa Yaya Asabe ta koma ga Allah ba ta yi mini magana. Fushin Yaya gaskiya ne. Sauran ƙarya ce. Ban sayar da komai ba, matar kuma ba Baturiya ba ce. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

A garinmu na ƙasar Gumel kowace mace ta iya ɗinkin faifai. A yanko kaba, a shanya, a tsaga, a rina ja da karan dafi, a zauna da basilla ana zagayawa. Amma faifan gidanmu ya bambanta da na kowa a wuri ɗaya, wato baki. Faifan mutane daga baki yake fara mutuwa, don nan ne kabar ƙarshe take zarewa. Namu kuwa sai tsakiyarsa ta huje don tsufa bakinsa yana nan daram, kuma ko kin kai shi rana kin jujjuya ba za ki ga inda aka tsaya ba. Wannan naɗin baki shi ne gadonmu, ƙa'idarsa kuma mai tsauri ce. Ana ɗinki a tsakar gida ana hira da kowa, amma da an zo zagayen ƙarshe sai mace ta tashi ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ba a koya wa kowa sai 'yar cikinki, ita ma sai ta yi haihuwar fari. Matar ɗa ba ta ciki, don an ce yau tana gidan, gobe tana iya fita da shi. Ranar da Innarmu ta koya mini sai da ta sa na yi mata alkawari, Yaya na zaune tana shaida. To ni Allah bai bar mini 'ya mace ba. Yaya tana da Uwani, amma Uwani ta ce bayanta ba zai iya wannan zama ba, ga farantan roba sun cika kasuwa. Mu biyu muka rage a duniya da muka iya. Mun san haka, ba ma dai faɗa.

Ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, injiniya ne a Doha. Da matarsa Rabi ta haihu sai ya aiko mini da tikiti, don uwarta ta rasu, ba mai yi mata wankan jego. Na tafi da niyyar in dawo kafin damina. Sai ga korona. Aka rufe filin jirgi, aka rufe masallatai, aka ɗaura wa kowa takunkumi a fuska. Gidan nasu a unguwar Dafna yake, can sama a wani bene da in ka leƙa ƙasa motoci suke komawa kamar kiyashi. Ku kan tambaye ni ko na yi mamakin benayen nan. Ban yi ba. Kuɗi ne suka yi tsawo, shi ke nan. Abin da ya dame ni zaman banza ne, ni da ban saba hannuna ya kwanta a cinya ba. Allah ya taimake ni na ƙunso 'yar kaba a cikin kayana. Kowace safiya kafin rana ta yi zafi sai in fita baranda in zauna a ƙasa in yi ɗinkina.

Barandarmu da ta maƙwabta gilashi ne kawai ya raba su. Wata safiya na ɗaga kai sai na ga wata tsohuwa a wancan ɓangaren, gajera, mai faɗin fuska, fatarta irin ta Buzaye, gashinta fari fat an yanke shi gajere. Ita ma a ƙasa take zaune, ga roba da ruwa a gabanta, ta jiƙa wasu siraran tsinkaye masu tsawo. Ni mutum ce mai duba hannu kafin fuska. Hannun nan nata duk tabon yanka ne, sabo a kan tsoho, babban yatsanta ya yi kanta. Na ce a raina wannan ba matar hutu ba ce. Ita ma ta dubi hannuna, ta dubi faifaina, ta gyaɗa kai. Gaisuwarmu ta farko ke nan.

Bayan 'yan kwanaki ta goge wani ƙaramin kwando da maganin nan da ake shafa wa hannu, ta miƙo mini ta gefen gilashin. Na karɓa da 'yar raini a zuciyata, don tun ina yarinya ban taɓa riƙe saƙar da idona ya kasa warwarewa ba. Kwandon bai fi a ɗora shi a tafin hannu biyu ba. Santsinsa kamar bayan tasa, zanen jikinsa ja da baƙi yana tafiya a karkace kamar ruwa ya bi gangare. Na leƙa ciki, sai na ga cikin ma santsi ne, kuma zanen ciki daban da na waje. Na tsaya. Duk mai saƙa ta san abu yana da fuska yana da baya, in waje ya yi kyau to a ciki ake ɓoye kunya. Wannan ba shi da baya. Na matsa bangonsa da yatsa na ji ya ɗan motsa, ashe bango biyu ne, kwando a cikin kwando. Na duba baki in ga inda aka haɗa su, babu ɗinki, babu ƙulli. Na kifa shi na duba gindi. Na bi tsinke ɗaya da farce har ya ɓace mini, na sake bin wani, shi ma ya ɓace. Na ji bakina yana tasbihi ban sa shi ba.

Na kira Rabi, don ita ke jin Turanci.

“Tambayar mini ita, mutum ne ya yi wannan ko inji?”

Rabi ta tambaya. Tsohuwar ta yi dariya har takunkuminta ya zame, ta ɗaga hannayenta biyu ta nuna mini.

“Inna, ta ce ita ta yi. Sunanta Loreta. Ta zo ganin 'yarta da ke aikin jinya a nan, kulle ya rutsa da ita kamar ke.”

“Baturiyar ina ce haka?”

“Ta ce ita ba Baturiya ba ce. Ceroki ake ce wa mutanensu. Su ne 'yan asalin ƙasar Amurka, suna can tun kafin Turawa su je.”

Sunan nata ya ƙi zama a bakina, sai na sa mata Larai, ta kuwa amsa.

Daga ranar muka zama abokan zama. Ta fara sabon kwando da ragowar tsinkayen da ta zo da su a akwati, ni kuma na bar nawa aikin rabi ina kallo. Ta bakin Rabi na ji cewa wani irin gora ne siriri da ke fitowa a bakin kogunan ƙasarsu, cikin duwatsu. Mace ta shiga da kanta ta zaɓi wanda ya ƙosa, ta tsaga shi da wuƙa, ta ɓare fatar waje mai ƙyalli, ta kankare a kan gwiwarta har ya yi laushi. Gefensa kaifi ne da shi kamar reza, shi ne ya yi mata waɗannan tabo. Jan kuma daga saiwar wani tsiro suke samu, wanda in an karya shi yake zubar da ruwa kamar jini, baƙin daga saiwar wata bishiya da ake kwana ana dafawa. Na gaya mata namu karan dafi, ta sa aka maimaita mata sunan har ta iya faɗa. Ba ta da zane a gabanta, ba ta auna komai. Leɓenta dai yana motsi, tsinke ya hau wasu ya nutse ƙarƙashin wasu, zane yana fitowa da kansa. Rabi ba kullum take da sukuni ba, ga jariri, don haka yawancin zamanmu shiru ne. Ɗana ya kan leƙo da kofin shayinsa ya yi mana tsiya.

“Inna, ke da ko a gida ba ki da ƙawa, sai a Doha? Me kuke cewa, ku da ba kwa jin juna?”

“Abin da bai shafe ka ba. Ja mini ƙofar, sanyin injinku yana busar mini da kaba.”

“Kalas, shi ke nan, na tafi. A gaida ƙawa.”

Wata safiya ina ɗaki ina shirya jariri sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Na fito na tarar bangon kwandon ya kai tsayinsa, tsinkaye sun miƙe sama cirko-cirko. Ta zo baki ke nan. Na juya zan koma ciki, don a tarbiyyata wannan wuri ne da ake kawar da ido. Sai ta ƙara ƙwanƙwasawa, ta yafito ni, ta matso da aikin har ya taɓa gilashin. Ashe tun da sassafe ta iso wurin, ta ajiye tana jirana. A gaban idona ta jiƙa tsinkayen, ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya suka kifo waje, ta ci gaba da saƙa tana gangarowa ƙasa a kan bangon da ta riga ta gina. Kwandon ciki ya haifi na waje, da tsinkayen nan dai, ba a yanke ba, ba a ƙara ba. Ta yi a hankali don in gani. Inda ta ga na ɗaure fuska sai ta warware ta sake. Na sha ganin ikon Allah a rayuwata, na ga haihuwa, na ga ruwa ya sauka bayan an fid da rai, amma ban taɓa zaton zan gan shi a yatsun wata tsohuwa da ba ta san alƙibla ba. Wane ne ya fara tunanin wannan? Wace mace ce ta zauna a bakin kogi ta ce bari in juya in koma ta inda na fito? Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Ba a daɗe ba nawa faifan ya zo zagayen ƙarshe. Na tattara kabata na shiga ɗaki na ja labule, kamar yadda aka koya mini. Da na fito na miƙa mata. Ta jujjuya shi, ta bi bakin da farce, ta ɗaga shi ga rana, daidai yadda na yi wa nata. Ta yi wata 'yar ƙara ta jin daɗi, ta yi magana da sauri.

“Inna, ta ce ina kika ɓoye ƙarshen? Ta ce don Allah ki nuna mata.”

“Ce mata ba a nunawa. Na gida ne.”

Rabi ta sunkuyar da kai ta faɗa, don ita ma ta san ba ta cikin waɗanda ake nuna wa. Larai ba ta ɓata rai ba. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gane, su ma akwai abubuwan da ba su faɗa wa baƙo. Ta ci gaba da shafa faifan. Can sai ta tambayi mu nawa muka iya. Na ɗaga mata yatsu biyu. Ta tambayi shekarun ɗayar, na nuna mata ta girme ni. Sai ta ajiye faifan a cinyarta ta yi doguwar magana, Rabi tana juya mini guntu-guntu. Ta ce an taɓa korar yawancin mutanensu daga ƙasarsu da ƙafa, aka mutu a hanya ba adadi, waɗanda suka rage suka laɓe a duwatsu. Aka share bakin koguna aka yi gonaki, goran ya yi wuya. A zamanin kakarta masu wannan saƙa mai bango biyu sun ragu har ana iya kiran sunayensu a zama ɗaya. Tsofaffin nan ne suka fito da ita fili, suka zauna suna koya wa duk yarinyar da ta zo, 'yar wa ce ba 'yar wa ce ba.

“Ta ce ita kanta ba a wurin uwarta ta koya ba, Inna. A wurin wata maƙwabciya ce da ba su haɗa komai ba.”

“Ba su ji tsoron a sace ba?”

Rabi ta tambaya, ta saurara, sannan ta ce a hankali, “Ta ce wanda ya sata ai yana saƙawa. Wadda aka binne da shi ce ba ta saƙa komai.”

A lokacin nan kullum sai waya ta kawo labarin mutuwa daga gida. Tsofaffi suna ta tafiya, sa'o'ina da waɗanda ban kai ba. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na sa aka kira mini Yaya, don ba zan yi abu a ɓoye mata ba.

“Yaya, ina neman izini. Ina so in koya wa Rabi naɗin baki. Da wata baƙuwa da ta nuna mini nata.”

“Tabawa, zafin ƙasar Larabawa ne ya taɓa miki kai?”

“Lafiyata ƙalau. Ni da ke muka rage. In cutar nan ta ɗauke mu fa?”

“Sai ta ɗauke mu da alkawarinmu a cike. Ina zaune kika ce wa Inna kin ɗauka. Baƙuwar ma da sauƙi, za ta tafi ƙasarsu. Amma matar ɗa? A gidanmu?”

“Inna ta sa mu alkawari ne don kada ya ɓace.”

“Kada ki fassara mini uwata. In kin yi, kada ki ƙara kirana.”

Na san Yaya, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ita ta goya ni, ita ta yi mini wankan jegon fari, ba mu taɓa kwana da fushin juna ba. Na auna wannan duka. Kada wani ya ce muku ruɗina aka yi ko ban san abin da zan rasa ba. Na fara sabon faifai, da ya zo baki na ƙwanƙwasa gilashi, na ce wa Rabi ta kwantar da yaron ta zo ta zauna. Na yi naɗin a fili, rana tana kallo. Larai ta manna goshinta a gilashi, da ta ga inda kabar take komawa ta kwanta sai ta dafe ƙirji. Ta gwada da kabar da na miƙa mata, ya ƙi, yatsunta sun saba da abu mai tauri, ta yi ta yi wa kanta dariya. Rabi ce ta kama. Yarinyar da nake ganin ba ta iya komai ba sai latsa kwamfuta, ashe duk watannin nan idonta yana kan hannuna. Da yamma na kira Yaya na gaya mata da bakina. Ta kashe wayar.

Ni ma na gwada tasu saƙar. Wani mai gadin benen, Bakatsine, ya samo mini ganyen dabino wurin masu ban ruwan fulawa. Na gina bangon ciki, amma duk lokacin da na zo juyawa sai ya karye ko zanen ya rikice. Har yau ban iya ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da aka buɗe hanya Larai ta tafi da kwandonta, don jikarta ta saƙa wa. Mun yi sallama a bakin lifta, ba a musabaha a lokacin, sai ta ɗora tafinta a ƙirji ni ma na ɗora nawa. Da na dawo gida na je gaida Yaya. Ta amsa sallama don hakkin Musulunci, ta juya mini baya. Haka muka zauna a gari ɗaya, in na aika da tuwo a dawo da shi.

Shekarar da aka yi gasar ƙwallon duniya Rabi ta sake haihuwa, na koma Doha. Garin da na sani shiru kamar makabarta ya cika ya batse. Daga baranda ina ganin jinsin mutane iri-iri suna tafiya bakin teku da tutoci, wasu sun shafa fenti a fuska, ana kiɗa ana tsalle. Na yi ta kallonsu ina cewa ko wace irin baiwa Allah ya ɓoye a hannun kakannin kowannensu, wadda ba mu da labarinta. Barandar Larai wasu samari ne a ciki suna ihu da wani yare. Ina nan zaune wayar Uwani ta shigo. Yaya ta rasu da hantsi, za a kai ta bayan azahar. Ban samu jirgi ba sai da taron ƙwallon ya watse.

Na iso ana shirin sadakar arba'in. Tsakar gidan Yaya cike da mata, ana tsince shinkafa, ana kallona ta wutsiyar ido. Sai Uwani ta fito daga ɗakin uwarta da faifai a hannu, ja da fari, ɗinkin Yaya da ba ya ɓoyuwa. An kai shi zagayen ƙarshe, basilla tana soke a jiki, kabar tana reto.

“Inna Tabawa, a ƙarƙashin filonta muka same shi. Tun da ta kwanta yake haka. Na kai wa mata uku, kowa ta ce ba ta iya irin bakinku ba.”

“Ta bar wani saƙo?”

“Ba ta ce komai ba.”

Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Ban sani ba ko ƙarfi ne ya ƙare mata, ko da gangan ta bari. Ban sani ba ko ta yafe mini, wannan sai ranar da muka haɗu. Na karɓi faifan na nemi ruwa na jiƙa kabar. Wata tsohuwa da ta san al'adarmu ta tashi ta ɗage mini asabarin ɗakin Yaya, ta tsaya tana jira in shiga. Na gyara zamana a kan tabarma.

“Saki asabarin nan, Hajiya, a nan zan yi. Uwani, zauna nan. Ku ma duk mai so ta matso, kada ku tare mini haske.”

Wasu suka kawar da kai, wasu suka matso da gwiwa. Na fara naɗin a hankali, na kai rabi, sannan na miƙa wa Uwani basilla. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce ban tambaye ta ba. Ta yi, na warware, ta sake, hawaye yana ɗiga a kan kabar uwarta, har ta kai ƙarshe.

Faifan yana nan a ɗakina, kuna iya zuwa ku duba. Bakinsa bai yi kyau ba. Shi kaɗai ne faifan gidanmu da ake ganin inda aka tsaya, kuma na hana a gyara.